Sambo Mai Kora da Idonsa Garau

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami, shi ne ya san abin da kowane ido ya gani da abin da ya kuɓuce masa.

Ni Balarabe, barunje ne a Mafara, yanka da sayar da nama muka gada tun kakanni. Karatuna bai wuce izu goma ba, kuma hannuna ya fi sabawa da wuƙa a kan alƙalami, don haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri. Labarin aminina Sambo nake so in ajiye, wanda muka rufe a Faru kwana arba'in da suka wuce. Har yau a kasuwar Mafara ana ce masa ɓarawon shanu. Ba ɓarawo ba ne. Kuma ina da hannu a abin da ya same shi.

Sambo Bafulatani ne, dogo, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Tun muna samari muka san juna, lokacin yana zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi ranar Talata, da shanun gidansu. Ba ya kallon yanka. In ya rako ni runji, wurin da muke fiɗa, sai ya juya baya har a gama. Amma in na gasa masa tsire ba ya ragewa.

"Kai Kaɗo," haka yake kirana, "ba ka ganin saniya sai ka ga tukunya."

"Kai kuwa Fillo," in ce masa, "ba ka cin ɗiyarka sai wani ya yanka ma."

Sai ya rufe baki da hannun riga yana dariya, don shi ko dariya da kunya yake yi.

Shekarar da annobar shanu ta shigo ƙasar nan, wadda ake ce wa sannu, garkensu ya ƙare kakaf cikin wata guda. Da yawa daga danginsa suka watse, wasu suka zauce. Shi ya zauna a Faru da matarsa Saude, ya kama noma kaɗan, sannan ya shiga kora, wato ya riƙa koro shanun mutane daga Maradun zuwa kasuwar Mafara, wani lokacin ya wuce da su Bakura. Wanda ya fi ba shi aiki shi ne Maikuɗi, babban mai fataucin shanu a garinmu. A shekarun nan saniya ta yi wuya ƙwarai, wanda duk aka danƙa wa ita kamar rai aka danƙa masa. Shekara shida Sambo yana kora shi kaɗai da sandarsa, ko maraƙi bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Yakan tsaya a baya, idonsa na gefen dama da na hagu a lokaci ɗaya, tun saniya ba ta karkata ba ya san za ta karkata, daga yadda ta juya kunne. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, a ce Sambo mai amana ne.

Abin ya fara da gaisuwa. Wata Talata ya wuce Sarkin Fawa yana zaune a gindin rumfa ta hannunsa na hagu, bai durƙusa ba, bai ko ce sannu ba. Aka yi ta magana, wai Fillo ya fara jin kansa. Da na tambaye shi sai ya ce wallahi bai gan shi ba. Bayan nan ya yi karo da turken rumfata sau biyu. Na kuma lura in ana yi masa magana daga gefe ba ya juyo da ido kaɗai, sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Na yi masa tsiya a kan haka, na ce ya zama mujiya. Ya yi dariya. Bai ce mini komai ba, don a wurinsu abin kunya ne namiji ya ce wani wuri na jikinsa ya gaza.

Da damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, karsana ɗaya ta ɓace masa kusa da Ruwan Gizo. Maikuɗi ya ce tsautsayi ne. Bayan girbi kuma bijimi biyu suka ɓace tsakanin Faru da Mafara, da rana tsaka, a fili, inda ba daji ba kura. Wannan karon Maikuɗi ya tara mutane a tsakiyar kara, dillalai da rundawa da masu kallo, aka sa Sambo a gaba.

"Sambo, gaya muna wa kas sayar ma."

"Ranka shi daɗe, ban sayar ma kowa ba. Ban ga fitarsu ba."

"Bijimi biyu, da ƙaho da tozo, ba ka ga fitarsu ba?"

Sambo ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗa.

"Idona ne. Na hagu ya mutu tun bara. Na dama kuwa gefe-gefensa ya ci, abin da ke gabana kaɗai nike gani."

Maikuɗi ya matso ya kama haɓarsa ya ɗaga fuskarsa ga rana, kamar yadda ake duba haƙorin bijimi. Mu duka muka leƙa. A garinmu kowa ya san makanta da fari ake gane ta, farar yana ce ke rufe ƙwayar ido, ko hakiya, ko tabon agana. Idon Sambo kuwa garau, baƙinsa baƙi, farinsa fari, har ya fi nawa kyau.

Sai Maikuɗi ya zaro allura daga jikin hularsa, ya ja da baya taku uku, ya ɗaga ta daidai hancin Sambo.

"Mi ke hannuna?"

Da Sambo ya iya ƙarya, da ya tsira a ranar. Ya ce, "Allura."

"Kafarta, sama take ko ƙasa?"

"Sama."

Kara ta ɗauki dariya. Maikuɗi ya juya yana nuna wa mutane allurar. "Kun ji? Shina ganin kafar allura, amma bijimi ya yi mishi ƙanƙanta!"

Daga ranar ba wanda ya ƙara danƙa masa ko akuya. Ɗan Juma, wani barunje da rumfarsa ke maƙwabtaka da tawa, ya laƙaba masa suna makahon Talata, wai makantarsa ranar kasuwa kaɗai take tashi. Sunan ya bi shi har Maradun da Bakura. Duk da haka Sambo bai daina zuwa ba. Kowace Talata sai ya taho da ƙafa daga Faru ya zauna a bakin rumfata, don a ganinsa in ya ɓuya ya amsa laifin ke nan.

Nan suka mayar da shi abin wasa. Ɗan Juma yakan lallaɓo ta hagunsa ya cire masa hula, ya tsaya dab da kunnensa yana murguɗa baki, Sambo na ta lalube. Wata rana ya rataya masa ɗanyen hanjin saniya a kafaɗa. Sambo ya tashi ya ratsa kasuwa da shi, ƙudaje na binsa, mata masu fura na tafawa, sai da jini ya jiƙa masa riga sannan ya taɓa ya ji. Mutumin da ba ya iya kallon yanka. Ya cire ya ajiye a ƙasa a hankali. Ɗan Juma ya ce, "Kai, Fillon ga ya iya wasa! Ko ƙiftawa bai yi ba."

Abin da har yanzu ya kasa shiga kaina ke nan. Kullum ta gefen da ba ya gani suke zuwa masa, sun san gefen sarai, amma in sun gama dariya su ce ƙarya yake yi.

Ni ban yi dariya ba, amma ban tashi ba. Kuma tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, ni ma na yi shakka. Na ga kafar allurar nan da idona. Wata ranar muna zaune a zaurena da hantsi, na ɗauki farin goro babba na ajiye kusa da gwiwarsa ta hagu, inda ko jariri zai gani. Sambo yana son goro ƙwarai. Muka yi ta hira har inuwa ta gajarta, bai kai hannu ba. Da zai tashi sai ya ce, "Kaɗo, ɗauke goronka. Na ji ƙamshinsa tun ɗazu, na ji sadda ka aje. Kai ma ka gwada ni."

Na kama hannunsa na riƙe.

A ranar ya bayyana mini yadda abin yake. Ya ce in ɗauki ƙashin ƙafar saniya wanda aka zuƙe ɓargonsa, in rufe ido ɗaya in leƙa ta ciki. Na leƙa. Na ga ƙofar zaure tangaram, na ga kaza a waje har da launin gashinta, amma Sambo da ke zaune kusa da ni babu shi. Ya ce haka duniya ta koma masa, kuma ramin kullum ƙara tsukewa yake. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba kwantsa. Ya ce haka ubansa ya makance da ido buɗe garau, aka ce iskoki ne.

Na sa an yi masa rubutu ya sha ya wanke fuska. Na nemo masa kwalli mai kyau daga fataken Sakkwato. Ba abin da ya sauya. Sai na ji labarin wani mai maganin ido mai suna Tukur ya sauka a Bakura, yana ture yanar ido da allura. Wata tsohuwa Marka, 'yar garinmu, shekara huɗu ana jan ta, aka kai ta, ta dawo da ƙafarta tana gane jikokinta. Na rufe rumfa na tafi Bakura da kaina na roƙe shi ya zo. A raina in ya warkar da Sambo alhamdu lillahi, in kuma bai warkar ba, ai zai faɗa wa mutane cewa akwai ciwo, su ji daga bakin wanda ya sani.

Ran Laraba da safe Tukur ya zo ya duba Sambo a ƙofar zaurena. Ya buɗe idon, ya juya shi ga rana, ya sa ya rufe, ya danna da manyan yatsunsa biyu. Sannan ya kama yatsana ya ɗora a kan fatar idon Sambo, ya mayar a kan nawa. Nawa yana lotsawa. Na Sambo tauri kamar ɗanyar goriba.

"Wanga ba aikina ba ne," in ji Tukur a hankali. "Ni abin da nike yi, in yana ta tare gani in ture ta ƙasa. Nan babu abin turewa. Ciki ne ya cika ya ɗaure. Na taɓa ganin irinsa, ban taɓa ganin wanda allura ta amfana ba. Ku lallaɓa ɗan abin da ya rage."

Da a nan aka tsaya. Amma a Mafara baƙo ba ya shiga gida a ɓoye. Kafin ya gama magana ƙofar ta cika, Maikuɗi na gaba, Ɗan Juma na bayansa da wuƙa a ɗamara, jinin safe bai bushe a hannunsa ba.

"Malam mai magani, barka da zuwa, ya hanya, ya mutanen Bakura?" in ji Maikuɗi. "To, mi ka gani?"

"Babu yana."

"Madalla. Jama'a kun shaida. Babu komi."

"Ban ce babu komi ba, cewa na yi..."

"A'a malam, ko akwai ciwo ka cire, ko babu mu san inda muka aje shi."

Ɗan Juma ya ce, "Ku bar shi, ashe tsoffin mata kaɗai ya iya. A kai shi gidan Marka shi ci tuwo."

Aka kwashe da dariya. Na ga fuskar Tukur ta sauya. Baƙo ne, yana da garuruwa a gabansa, kuma maganar kasuwar Mafara tana riga mutum isa ko'ina. Ya ce, "Akwai yanar da kan ɓuya can ciki. In shi ya yarda, sai in gwada."

Maikuɗi ya tafa hannu. "To ga rantsuwa ta zo har gida. Mai lafiyar ido ba shi yarda a soka mishi allura. In da gaske makaho ne, mi zai rasa? Shi zauna. In ya tashi, mun gane."

Na ce, "Ranka shi daɗe, mutumin ga yanzu ya gaya muna allura ba ta yi."

"Kai Balarabe, ko da kai aka raba naman bijiman?"

Na yi shiru. Allah ya gani, na yi shiru.

Sambo ya tambaya, "Wane idon?"

Tukur ya ce na hagu ya riga ya tafi, ba abin da za a gane da shi. Sai na dama.

Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Fillo, don girman Allah tashi mu shiga ciki. Da shi kake ganin hanya. Da shi kake ganin Saude."

Ya ce, "In na tashi, ɓarawo ne ni har in mutu, kuma ɗiyana ɗiyan ɓarawo ne. Riƙe mini kai, Kaɗo. Ban son hannun wani."

A wannan aiki dole wani ya zauna a bayan mutum ya matse kansa tsakanin gwiwoyi, kada ya motsa. Ni na zauna. Na riƙe goshinsa da haɓarsa, kuma hannuwana sun san wannan riƙon, shi nake yi wa rago kowace safiya. Kafin allurar ta shiga ya ɗago ido ya dube ni a juye, ya nemi fuskata da ɗan ramin nan har ya same ta. Bai yi ƙara ba. Ƙafarsa kaɗai ta tona ƙasa.

Tukur ya jujjuya allurar, ya zare, ya ɗaure idon da tsumma da wani ganye, ya ce a kwance bayan kwana bakwai. Mutane suka watse suna cewa Fillo akwai taurin rai. Washegari Tukur ya bar gari.

Kwana uku idon ya kumbura kamar ƙwan zabo. Sambo da ban taɓa jin ya ce wayyo ba, ya riƙa cizon gefen tabarma yana kiran sunan uwarsa. Ruwa mai wari ya yi ta zuba. Da aka kwance babu ramin, babu haske, babu komai. Bayan wata guda idon ya shanye ya yi fari fat. Saude ta zo da jaki ta ɗauke shi. Ba ta zage ni ba. Ta dai gaishe ni gaisuwar baƙo, ta ce, "Mun gode da ɗawainiya."

Ranar da za su tafi na je gidan Maikuɗi na same shi yana alwala. Na ce, "Ranka shi daɗe, farin da kuke nema ya fito. Zo ka gani, ka faɗa ma mutane Sambo bai yi ƙarya ba."

Ya gama wanke ƙafarsa tukuna. Ya ce, "Na ji. Ai can baya idonsa lafiya lau, kowa ya shaida. Ya zauna bisa ƙarya, alhakin shanuna ya fito mishi ga ido. Kai ma ka ji tsoron Allah."

Kafin Talata ta zagayo maganar ta zama ta kowa. Har uwaye suna tsoratar da 'ya'yansu da ita, wai wanda ya ci amana idonsa zai yi irin na Sambo.

Shekara biyu ya yi a Faru yana tufka igiya a gindin bango. Igiyarsa ba ta da na biyu, amma 'yan kara ba su saye, sai Saude ta kai Maradun ta ce ta ƙaninta ce. Duk wata nakan je, in kai masa kilishi da goro. Da ya ji takuna sai ya ce, "Ga wari ya iso, Kaɗo ne." Sau ɗaya na fara ba shi haƙuri ya tare ni, ya ce ba ni na soka ba. Na ce ni na kawo, ni na riƙe. Ya ce, "Ni na ce ka riƙe."

Abin da ya fi damunsa ƙaninsa Hamma da 'yarsa Husaina, don yana ganin ciwon jininsu yake bi. Ya sa na yi masa alkawari in riƙa gwada su, ba irin gwajin Maikuɗi ba. In sa mutum ya rufe ido ɗaya ya kafe ɗayan a hancina, in kawo hannu daga bayan kunnensa a hankali, ya faɗi lokacin da ya fara gani. Ya ce in gefe ya fara ci, su faɗa da wuri da bakinsu tun ba a rasa kayan kowa a hannunsu ba, su bar kora, kunya ba ta da amfani a nan. Ya ce kuma ko wa ya matsa musu, idon da ba shi da yana kada a bari ƙarfe ya taɓa shi, ɗan abin da ya rage ya fi babu. Na gwada su. Husaina lafiya. Hamma hagunsa ya fara, na gaya masa, ya yi fushi ya ce zagi ne, amma ya bar kora ya koma gona.

Zazzaɓin damina ne ya ɗauke Sambo, kwana biyar ya yi. Mutanen Faru suka yi masa sutura. Daga Mafara ni kaɗai na je. Ran sadakar uku Maikuɗi ya aiko wani dillalinsa ya faɗa a gaban jama'a cewa ya yafe wa mamaci, duniya da lahira. Mutane suka ce Allah ya saka masa, mutumin kirki ne.

Jiya da na je sadakar arba'in Saude ta kira ni bakin danga. Ta ce kullum in na tafi Sambo yakan tambaye ta ko na ce wani abu game da kara, ko wani ya ce a gaishe shi. Shi ba ya iya tambayata. Sannan ta ce, "Yanzu da ya mutu fa, Malam Balarabe? Sun yarda?"

Na so in yi mata ƙarya. Na ce, "Ba su yarda ba."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

To ni ban da abin da zan iya sai wannan takarda. Ni Balarabe barunje na shaida, da hannun da ya taɓa idon ya ji taurinsa, cewa Sambo na Faru bai sayar da saniyar kowa ba, bai ga fitarsu ba ne. Allah ya jiƙan ka, Fillo, ya haskaka kabarinka, ya yafe mini riƙon da na yi maka.